Hoton Ɗan Farin Inna Dija

Ranakun aiki da yawa sun shige mani kamar ba a yi su ba, amma ban taɓa mantawa da ranar da na fara ganin cikin sikana da idona ba, kuma ban jin zan manta har in bar aikin nan. Ku da kuka zo koyon aiki bana gani kuke kamar tun can na iya kwance ta. Zuwaira, ɗaya daga cikinku, har cewa take da sukudireba a hannu aka haife ni. Ina! Ku gyara zama ku ji, ni ma da makyarkyata na fara.

Lokacin ni kaɗai ce sekretar a wannan buro, wato ofishin namu na bakin tashar Agiye, ba kamar yanzu da kuka cika mana ɗaki ba. Sama da ni sai mai wurin, Mushe Haruna (Mushe shi ne Malam da Faransanci), tsohon darektan lakol, wato shugaban makaranta, da ya ajiye alli ya buɗe wurin buga takardu. Aikin shi ne dai wanda kuka sani: a buga wa mutum takarda a ordinatar, wato kwamfuta, a yi mashi fotokofi, a ɗauki takardarshi ko hotonshi a sikana. Ga wanda bai san sikana ba, akwati ne shimfiɗaɗɗe mai murfi, da gilashi a sama. Ka kifa abin da kake so a kan gilashin, ka rufe, wata doguwar fitila ta bi ta ƙarƙashi tun daga kai har ƙasa, sai abin ya fito a allon ordinatar, ka ƙara mashi girma yadda ka ga dama. Iyakar sanina da ita ke nan a lokacin, ban taɓa tambayar kaina me ke ƙarƙashin gilashin ba.

Tamu ta jima tana ba mu alama. Komai ta ɗauka sai ya fito dishi-dishi, fari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, ga wasu baƙaƙen layuka da ke ratsa takarda daga sama har ƙasa. Na goge saman gilashin har na gaji, ba abin da ya sake. Takardar haihuwa da ta jarrabawa ba ruwansu, baƙin rubutu ne a kan farar takarda, ana karantawa, ba wanda ya taɓa dawo mana da aiki. Mai yi mana gyara kuwa, Malam Garba, a Maraɗi yake, sai an tara mashi matattun kaya yake hawo mota. Duk ranar da na yi ƙorafi sai Mushe ya ce, "Bari dai Garba ya zo."

Farkon damina ne, bara waccan. Ruwa ya sauka, shinge, garar nan mai fiffike, ya fito, mutane na ta shuka. Ranar kasuwa da hantsi wani Bafulatani ya yi sallama, dogo, da malfa da sanda a kafaɗa, yana riƙe da hannun wata tsohuwa. Na lura ta tsaya tana laluben dokin ƙofa da ƙafa kafin ta shigo. Shi sunanshi Sambo, ita kuma mahaifiyarshi ce, Inna Dija, daga wata ruga can bayan Gazawa.

Kun san Mushe Babarbare ne, abokin wasan Fulani, ba ya ganin Bafulatani ya ƙyale. Ya daɗe yana koyarwa a lakol ɗin makiyaya, ya san su ciki da waje.

"A'a! Yau bayina ne a buro?" in ji shi. "Ina nonon ubangidanku?"

Tsohuwar ta karkata kai wajen muryar. "Babarbare ne? Shi ya sa tun daga waje na ji warin kanwa."

Muka kwashe da dariya, na shimfiɗa mata tabarma don ta ƙi kujera. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ƙulli. Cikin tsumma leda, cikin leda hoto. Ɗan mitsitsi ne, irin na katin ɗan ƙasa, bai fi faɗin yatsa biyu ba, gefenshi ya cinye, launinshi ya koɗe. Wani magidanci ne a jiki, kai ba hula. Sambo ya ce so suke a mai da shi babba, babba sosai. Ya ce an gwada ɗaukar shi da waya a ƙauye, sai ƙyalli da inuwa, ana ƙara girma fuskar na wargajewa.

Ƙa'idar aikinmu, duk abin da aka ɗauka sai an ba shi suna a ordinatar kafin a ajiye. Na ce, "Inna, wane ne wannan? Ya sunanshi?"

Ta juya fuska wajen bango. "Wani ne na gidanmu."

Na zaci kunne ne, na ƙara ɗaga murya. Sai Mushe ya yi gyaran murya, ya ce mani da Faransanci in bar tambayar nan. Wasan da ke fuskarshi duk ya tafi. Ya yafito ni da Sambo muka fita ƙarƙashin rumfa.

"Yayanka ne ko?" Mushe ya tambaye shi a hankali.

Sambo ya gyaɗa kai. Ya ce ɗan farinta ne. Bara ya tafi da shanu kudu cin rani, ciwo ya kama shi, can aka binne shi, ko gawarshi ba su gani ba. Wannan hoton kaɗai ya bari a duniya. Ni Bahausa ce, na san kunyar ɗan fari, uwata ma ba ta kiran sunan Yayanmu. Amma tamu ta yi sauƙi. A rugarsu, in ji Sambo, tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga kakarshi. Uwar ba ta kiran sunanshi, ba ta zama inda ya zauna, in ya shigo ta sunkuyar da kai. Har ya yi gemu ya haifi 'ya'ya ba ta taɓa tsayawa ta ƙare wa fuskarshi kallo ba. Ranar da aka kawo labarin mutuwarshi ma ba ta yi kuka a gaban mutane ba, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi tatsa.

Sannan ya faɗi abin da ya kawo su. Idonta na hagu ya riga ya mutu, na dama ke bi. An kai ta wurin likitan ido, ya ce ba irin yanar da ake cirewa ba ce, sai haƙuri. Abu babba tana gani in ta matso kusa, amma ɗan hoton nan ya fi ƙarfinta. Gobe da sassafe rugarsu za ta tashi arewa da shanu, tunda an yi shuka, ba za su dawo ba sai bayan kaka.

"Kafin nan idon ya tafi," in ji Sambo. "Ita ta ce in kawo ta. Ba ta taɓa roƙona komai ba."

Na koma ciki. Na kifa hoton, na zaɓi ɗauka mafi kyau da na'urar ke iyawa, wadda ke cin lokaci. Da ya fito na cika allo da shi. Wayyo! Kamar mutum a cikin hayaƙin ɗakin girki, ga baƙin layi ya raba fuskar. Na gusa hoton gefe na sake ɗauka, layin ya kauce, wani ya maye gurbinshi, dishi-dishin kuwa yana nan. Kafin in hana, Sambo ya riga ya kamo hannunta. Ta matso har hancinta na neman taɓa allon, ta karkata kai ta sa idon dama, ta daɗe.

"Hayaƙi nake gani," ta ce. Ta ja da baya a hankali. "Idon ne. Na makara ke nan."

"Wallahi Inna ba idonki ba ne," na ce. "Idon na'urarmu ne ya yi datti. Ni ma haka nake gani."

Ta yi wani ɗan murmushi, irin na babba in yaro na lallashinshi. "Allah ya yi maki albarka, ɗiyata. Ba ni abina."

Abin ya soke ni. Matar nan za ta tafi ta zauna cikin duhu har ƙarshen ranta tana cewa ita ta makara, alhali mu ne muka bar kayan aikinmu cikin ƙazanta. Na ce wa Mushe ni dai zan buɗe sikanar nan. Ya ce in shiga hankalina. Lokacin haɗa takardun 'yan jarrabawa ne, ita kaɗai gare mu, in na kashe ta mun zauna. Ɗaya shagon da ke garin, tasu irin mai haɗe da fotokofi ce, ba ta iya ƙaramin hoto. Muka kira Malam Garba, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya iya zuwa sai wani sati. Barin hoton a wurinmu kuwa ba ma a kawo zancen ba, ta riga ta fara naɗe shi cikin tsumma.

Mushe ya tsaya yana kallon yadda take ƙulla bakin zanen. Ya cire tabarau ya murza ido, ya sake danna wayar.

"Garba, in ka faɗa mata a waya, za ta iya?"

"Madam Saude?" in ji Garba, Mushe ya saki muryar kowa na ji. "Madam, kin iya gyaran kaza?"

Na ce na iya mana.

"To wannan ba kaza ba ce. Ba a ja, ba a fizga. Duk abin da ya ƙi fitowa, akwai abin da ke riƙe da shi, ki nemo. Kin ji?"

Mushe da kanshi ya taka zuwa farmasi ya sawo alkol na wanke ciwo da auduga da ɗan famfon roba irin na tsotse wa jarirai majina. Garba ya ce da shi za a hura, kada in kuskura in sa baki, yawu ya fi datti ɓarna. Ya sa aka kashe fanka, aka rufe ƙofa da taga, aka yayyafa ruwa a ƙasa. Na wanke hannu da sabulu, na ɗaure ɗankwali tamau don kada gashi ya faɗa. Na zare wayar wuta da wadda ke zuwa ordinatar. Inna Dija ta koma kan tabarma ta zauna, ba don ta yarda ba, don dai Babarbare ya ce baiwa ba ta tafiya sai ubangida ya sallame ta.

Murfin bai ba ni wuya ba, ɗaga shi na yi sama ya zare. A cikin ramukan da ƙafafunshi ke shiga, can ƙasa, ga notuna a ɓoye. Na kwance su na zuba cikin kofin shayi. Sai bayan akwatin ya ɗaga, gaban ya ƙi. Garba ya ce haƙoran roba ne ke riƙe da shi, in tura gaba kaɗan sannan in ɗaga. Na tura. Na ji ƙaras! Wallahi na ce shi ke nan na karya.

"Ƙara ɗaya ko ta fashewa?" in ji Garba.

"Ɗaya."

"Haƙori ne ya saki. Ɗaga a hankali, akwai 'yar waya da ke zuwa maɓallai, kada ki tsinke ta."

Na ɗaga saman da gilashinshi gaba ɗaya, na jingina shi kan tawul, na leƙa.

Na zaci zan tarar da wayoyi cunkus kamar cikin tsohuwar rediyo. Ashe fili ne fayau, kusan ba komai. Sandar ƙarfe guda, sumul, ta miƙe daga kai zuwa ƙasa. Kusa da ita bel siriri mai ƙananan haƙora, da wata faffaɗar waya mai laushi kamar ganyen kaba. Sai wani dogon baƙin akwati da ya hau kan sandar, shi ke ɗauke da fitilar. Garba ya ce shi ne kan na'urar, duk sauran ƙafafu ne. Ya ce in haska ciki da fitilar waya ta tsagar da ke kusa da fitilar.

Ban san lokacin da na ce "Allahu Akbar" ba. Madubai ne a ciki, dogaye, sirara, an jera su suna kallon juna a karkace. Hasken wayar ya faɗa kan na farko, ya tsallaka na biyu, ya koma baya, ya sake karyawa, sai ga shi can ƙurya ya taru a kan wani ɗan gilashi da bai fi ƙwayar gujiya ba. Garba ya ce duk faɗin takardar da nake kifawa, ta wannan 'yar ƙwayar take shiga. Bayanta akwai wani abu siriri kamar tsinken tsintsiya, shi ne mai gani. Kuma wai bai taɓa ganin hoto gaba ɗaya ba. Layi ɗaya yake gani, wanda bai kai kaurin gashi ba, kan ya matsa kaɗan ya ga na gaba, ya matsa ya ga na gaba, ordinatar na jera su har fuskar mutum ta haɗu. Shekara da shekaru ina danna maɓalli ina hira, wannan abin na gudana ƙarƙashin tafin hannuna ban sani ba.

"Shi ya sa," in ji Garba, "ɗigo ɗaya a kan madubi yake zama layi. Duk inda kan ya je da shi yake tafiya."

Mushe, mai digiri da Faransanci a baki, ya sunkuya kusa da ni baki buɗe. Sambo ya ajiye sanda ya leƙo ta kafaɗarmu. Tsohuwar ta ji mun yi tsit, ta tambayi abin da muka gani. Sambo ya yi mata bayani da Fillanci, ta ce a kai ta. Na haska mata, ta sa idon dama, ta ce tana ganin wani abu na walƙiya yana gudu.

"Mutum ne ya yi wannan?" ta ce.

"Mutum ne, Inna."

Ta kai yatsa ta taɓa fatar idonta da ya mutu. "To wanda ya yi wannan fa?"

Mushe ya yi tasbihi ƙasa-ƙasa.

Da gilashin na fara, ta ciki, inda hannuna bai taɓa kaiwa ba. Mushe ya ba da ƙyallen goge tabarau nashi, don Garba ya ce tsumma na barin zare. Na ɗiga alkol na shafa sau ɗaya, ƙyallen ya dawo ruwan goro. Na sunsuna. Gawayi ne, da maganin sauro na hayaƙi. Nan kusa da teburin Mushe ke hura gawayin shayinshi safe da yamma, nan kuma muke kunna maganin sauro duk damina. Hayaƙin ya bi ta ƙananan ramukan ƙasan akwatin ya kwanta a ciki shekara da shekaru. Na miƙa mashi ƙyallen ƙarƙashin hanci.

"Shayina?" ya ce. "Haba dai!"

Garba ya yi dariya har da tari. Ni kuwa ban samu sukunin dariya ba. Na goge, na ɗaga gilashin a karkace wajen haske, na ga sawu, na sake gogewa, na sake dubawa, har sai da ya zama kamar babu shi a wurin. A can kan gilashin, ta ciki, akwai wani farin layi a manne, shi ma ya yi ja. Na zaci ado ne. Garba ya ce a'a, duk lokacin da aka kunna na'urar shi take fara kallo, ta riƙe cewa wannan shi ne fari, sannan ta auna sauran launuka da shi. In shi ya yi datti, duk abin da ta gani bayan nan a karkace yake. Na goge shi a hankali har ya dawo fari tas.

Madubai su ne abin tsoro. Garba ya ce azurfarsu a fuska take, ba a baya ba kamar madubin ɗakina, in na dirje shi na kashe shi har abada. Na sa bakin famfon na matsa. Sai ga wasu abubuwa sun tashi suna shawagi cikin hasken, 'yan guntayen fiffiken shinge, da busassun ƙwari da hasken fitilar ya jawo suka shiga suka rasa hanyar fita. Guntu ɗaya ya ƙi tashi, ya manne a tsakiyar madubin farko. Na naɗa auduga a kan tsinke, na jiƙa ta kaɗan.

"Kamar kina cire wa jariri kwantsa," in ji Garba. "Sau ɗaya, ki wuce."

Na yi bisimilla na taɓa, fiffiken ya biyo audugar. Da sabuwar auduga na bi sauran maduban da ɗan gilashin, shafa ɗaya-ɗaya, ina riƙe numfashi. Gumi na bin bayana don ba fanka. An yi azahar, kasuwa ta fara watsewa, Sambo na ta leƙa rana ta jikin ƙofa, don mai amalanken da ya kawo su ya ce ba ya wuce la'asar.

Na mayar da saman, haƙoran suka kama, na ɗaure notuna, na zura murfi, na sa wuta. Ta yi gurnani, kan ya matsa gaba, ya dawo baya ya tsaya. Na ce wa Garba ta tsaya fa. Ya ce gidanta take nema, in bar ta. Ya ce in fara da farar takarda wadda ba komai a kai. Na kifa na ɗauka. Allon ya fito fari fat, ba layi ko ɗaya. Mushe ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi, Garba ya ce in na gaji da buga takardu in zo Maraɗi ya ba ni bencin gyara a shagonshi, ya kashe wayar.

Na durƙusa gaban tsohuwar na roƙe ta hoton. Ta daɗe kafin ta kwance ƙullin.

Ɗauka mai kyau a hankali take fitowa, daga sama zuwa ƙasa. Gashi ya fito, goshi ya fito, gira, idanu. Ɗan abin nan da bai fi yatsa biyu ba, ashe duk wannan na ciki. Ana ganin gashin gemunshi ɗaya-ɗaya, ana ganin zaren da aka yi wa wuyan rigarshi aiki, har da ɗan hasken taga a cikin ƙwayar idonshi. Kyakkyawan mutum ne, mai dogon hanci, yana kallonka kai tsaye. Sambo ya yi salati ya ja da baya.

Sai na hangi wani ɗan farin abu a girar hagu, gajere, ya raba gashin girar biyu. Raina ya ɓaci, na ce wani dattin ya rage. Na gusa hoton na sake ɗauka, abin ya bi fuskar. Ke nan ba daga na'ura ba ne, na ce ƙarce ne a jikin hoton, tunda ya sha yawo a bakin zane. Kun san halinmu a aikin nan. Mai ƙuraje mu share mashi, mai tabo mu shafe, wata ma cewa take a ƙara mata haske. Hannu ya saba, ba ma tambaya. Tsohuwar ta riga ta matso ta kafa ido a allon, ni kuma na jawo abin gogewa na ordinatar na kai shi kan girar.

"Bari in share maki wannan ƙarcen, Inna, ya fito tsaf."

Ta cafke wuyan hannuna. Ban zaci akwai irin wannan ƙarfi a jikinta ba.

"Bar shi."

Ba ta dube ni ba, allon take kallo. Sannan ta fara, da Hausarta ta Fulani, muryar ba hawa ba sauka.

"Yana rarrafe lokacin. Ina tatsa. Uwar mijina na zaune, da matan ruga. Ya rarrafo wajena, maraƙi ya ture shi, ya faɗa kan turke. Jini ya rufe mashi ido. Yana kuka, yana miƙo mani hannu. Ban tashi ba. Ban juya ba. Wata ta ɗauke shi, ni ina ta tatsa. Aka yaba mani. Aka ce ɗiyar nan ta san kanta."



"Ban taɓa duba wurin ba," ta ce. Ta saki hannuna, ta ɗora babban yatsanta kan girar, a kan allon, tana shafawa a hankali. "Ashe ya warke da kyau."

Sambo ya ja malfa ya rufe fuska ya fita. Mushe ya juya baya yana gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Ni dai ban da filako, kunyar nan ta Fulani, kukana na yi sosai, ina share hawaye da bakin ɗankwali. Ita ko ɗigo ba ta zubar ba. Ta kalli goshi, ta kalli hanci, ta kalli baki, ɗaya bayan ɗaya, ba ta gaggawa, mu kuma ba wanda ya tuna mata da amalanke.

Na buga shi a takardar hoto mafi girma da muke da ita, fuskar ta kai girman ta mutum. Na ɗauko leda zan liƙe mata shi don ruwan damina, ta ce a'a. Ta riƙe takardar tana lalube da yatsa, ko'ina sumul.

"Ɗiyata, in idon ya tafi, ya zan gane wurin?"

Sai na zare allurar da ke maƙale a ɗankwalina, na kifa hoton a jikin taga inda haske ke ratsa shi, na huda daga baya, daidai kan tabon, 'yan huji a jere. Ta gaba suka taso kamar ƙwayar gero. Na kamo yatsanta na ɗora a kai. Ta shafa, ta gyaɗa kai, ta ce "Miyetti," wato ta gode. Ta juya wajen Mushe ta ce Babarbare ya yi abin kai yau, a rubuta.

Daga ranar na koyi kwance sikana, yanzu har daga Gidan Rumji ana aiko mani da su. Duk wadda na buɗe sai na tsaya na kalli maduban nan, har yau ba su daina ba ni mamaki ba. Amma abin da nake so ku riƙe ba sukudireba ba ne. Datti iri biyu za ku tarar a aikin nan. Wanda ke jikin na'ura namu ne, mu share shi tun kafin wani ya ɗauka idonshi ne ya lalace. Wanda ke jikin fuskar mutum kuwa, ba ku san abin da ya kawo shi ba, kada hannunku ya kai sai kun tambayi mai shi. Saura ƙiris da dannawa ɗaya in shafe abin da matar nan ta yi doguwar tafiya don ta gani.

Bayan kaka Sambo ya dawo shi kaɗai, da hoton a naɗe cikin tsumma. Na tambayi Inna, ya ce tana lafiya, idon dai ya tafi tun tsakiyar damina. Ya warware tsumman. Ko'ina na fuskar lafiya lau, sai girar hagu da ta koɗe ta yi fari, takardar ta yi laushi har ta kusa ɓulewa. Ya ce in dare ya raba, ko in ta zaci ba kowa a bukkar, nan take ajiye yatsanta.

Na buga mashi sabo, na zare allura na sake huda wurin.